Inda ake samun maƙalar mujalla

Jiya bayan la'asar muka zauna a ƙofar Ɗakin Karatu na Abdullahi Fodiyo, a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, muna tattauna yadda ake neman maƙala. Wani malaminmu ya ce kuskurenmu ɗaya ne: muna neman maƙala a katalog, wato jerin abin da ɗakin karatu ya ajiye, alhali katalog sunan mujalla yake nunawa da shekarun da aka ajiye, ba maƙalolin cikinta ba. Maƙala sai a rumbun mujallu na intanet irin JSTOR, ko AJOL don mujallun Afirka. 'Yan likitanci su tambayi ma'aikatan ɗakin karatu game da Hinari, rumbun mujallun kiwon lafiya.

Wata ɗaliba ta ce a riƙa kwafe lambar DOI, wato lambar shaidar maƙala ta dindindin a intanet, ko adireshin shafi ya canja tana kai mutum ga maƙalar. Shawarar da ta fi kwanta mini: in an nemi kuɗi kafin a karanta maƙala, ka rubuta wa marubucin, da yawa suna turowa kyauta.