Wai babu wanda ya taɓa mallake fili kamar Laker a Old Trafford?

Baban Khalifa: Salamu alaikum jama'a. Ni fa maganata ɗaya ce kuma ina kanta, a duk tarihin kurket babu mai jifa da ya taɓa yin abin da Jim Laker ya yi wa Ostireliya a filin Old Trafford na Manchester a 1956. Wiket 20 (wato fitar da mai bugu sau 20, goma a kowane zagaye) ne gaba ɗaya ɓangare ɗaya ke iya cirewa a wasan Tes, dogon wasan ƙasa da ƙasa na kwanaki, mutum ɗaya ya kwashe 19, maki 90 kacal aka ci a kansa. Zagayen farko 9 a kan maki 37, na biyu 10 cif a kan 53. Tun daga ranar har yau ko 18 ba wanda ya kai. Duk mai ja ya zo da hujja.

Ɗan Zariya: Wa alaikumus salam Yaya. Ba wanda zai raina 19, amma ka faɗi rabi ka bar rabi. Wane irin fili aka yi wasan a kai? Tun rana ta biyu ƙasar ta fara tashi da ƙura, 'yan Ostireliya sun yi ta ƙorafi cewa da gangan aka shirya shi don masu murza ƙwallo na Ingila, sannan a zamanin ba a rufe wurin jifa idan ana ruwa kamar yanzu, ruwa ya jiƙa shi rana ta fito ta busar da sama ƙasa na danshi, to a irin wannan yanayi ƙwallo duk inda ta ga dama take juyawa. Filin ne ya yi rabin aikin.

Baban Khalifa: To ƙanena in fili ne ya yi aikin, ina Tony Lock? Shi ma fa mai murza ƙwallo ne, ƙwararre, tare da Laker suke wasa a ƙungiyar Surrey, daga ɗaya ɓangaren yake jifa a kan wannan ƙasar dai. A zagaye na biyu Lock ya jefa oba 55 (jifa shida ne oba ɗaya), ya ma fi Laker da ya jefa 51 da ɗoriya, bai cire ko mutum ɗaya ba. Duk wasan wiket ɗaya ya samu. Gona ɗaya, damina ɗaya, wani ya cika rumbu wani ya tashi da dami guda, sai ka ce ƙasa ce?

Maman Hanan: Wannan hujjar ta Lock tana da ƙarfi gaskiya. Kuma a ƙara da cewa a wannan shekarar dai Laker ya riga ya cire 'yan Ostireliya goma a zagaye ɗaya yana yi wa Surrey wasa a filin Oval na Landan, to kun ga ba dace ba ne. Amma Baban Khalifa kalmar da ka yi amfani da ita ce ban yarda da ita ba. Mallakar fili daban, wasa ɗaya mai ban mamaki daban. In mallaka ake nufi ai Muttiah Muralitharan (Murali) na Sri Lanka ne, wiket 166 a filin SSC na Kolombo a wasan Tes 24, kusan 7 kenan duk wasa, shekara da shekaru ana zuwa ana samunsa a wurin kuma an san abin da zai yi amma an kasa maganinsa. Ga 117 a Kandy ga 111 a Galle. Filaye uku mutum ɗaya.

Abban Sultan: Hajiya ki yi haƙuri amma lissafin Murali akwai abin dubawa. Cikin wiket 800 ɗinsa 176 daga Bangaladash da Zimbabuwe ne, lokacin da ƙasashen nan ba su da ƙarfi. Ga kuma rigimar hannunsa, tun ranar da alƙalin wasa Darrell Hair ya ce jifarsa ba ta halatta ba a Melbourne a 1995 har yau akwai waɗanda ba su gamsu ba. Ni in za a yi maganar daɗewa a fili ɗaya James Anderson na Ingila zan kawo a filin Lord's na Landan, wiket 123, ya fara a wurin a 2003 ya gama a wurin a 2024, mai jifa da gudu fa, wanda gwiwa da baya ke cin wuya, shekara 21.

Maman Hanan: Malam maganar hannu an gama ta tuntuni, an kai shi an gwada da na'ura an ga gwiwar hannunsa a lanƙwashe take tun haihuwa ba ta miƙewa, kuma da aka auna sauran masu jifa sai aka tarar kusan kowa hannunsa na motsawa, shi ya sa hukumar kurket ta duniya, ICC, ta kawo dokar da ta yarda gwiwar hannu ta miƙe har digiri 15 lokacin jifa. Shi kuma Anderson ina ganin girmansa ƙwarai amma 123 ɗin a wasa 29 ne, huɗu da ɗan wani abu kenan duk wasa, don Ingila na yawan yin Tes biyu a Lord's a shekara. Wanda kuma ke cewa Murali sai a gida, ya tuna Oval 1998, wiket 16 a kan maki 220 a tsakiyar Landan, 9 a kan 65 a zagaye na biyu.

Ɗan Zariya: Ku bar ni in kawo nawa. Ni a Indiya na yi karatu kuma can in ka ce fili da mai jifa, Anil Kumble da filin Feroz Shah Kotla na Delhi za a ce maka. Fabrairun 1999, Pakistan na neman 420, Saeed Anwar da Shahid Afridi sun kai 101 ba a cire kowa ba, mutane sun fara tsorata, sai Kumble ya fara, daga nan har 207 shi kaɗai, 10 a kan maki 74. Kuma ba ƙananan mutane ba, Inzamam, Ijaz Ahmed, Saleem Malik, waɗanda suka tashi da buga ƙwallon murɗe tun suna yara. 'Yan Ostireliyan 1956 ba su saba da irin jifar Laker a jiƙaƙƙen fili ba, waɗannan kuwa abincinsu ne.

Baban Khalifa: Kumble gwani ne amma na goman taimaka masa aka yi, kowa ya sani. Da ya kai tara Javagal Srinath ya riƙa jefa ƙwallo can gefe da gangan don kada ya cire na ƙarshe, har Kumble ya zo ya samu Wasim Akram. Shi Laker ba wanda ya bar masa komai, Lock da zuciya ɗaya yake nema, ransa ma a ɓace yake don bai samu ba.

Abban Sultan: Nan kam ina bayanka Alhaji.

Ummu Aisha: Ina ta karantawa ban sa baki ba, amma abin na damuna yadda duk kuka tsallake Ajaz Patel. Laker a gida, Kumble a gida, Murali a gida, Anderson a gida, jama'arsu na musu tafi, masu gyaran fili nasu ne. Ajaz fa baƙo ne da rigar Niyu Zilan, ya je Wankhede a Mumbai a Disamban 2021 ya cire Indiyawa goma a kan maki 119, oba kusan 48 ya jefa, a gaban mutanen da duk duniya ba wanda ya kai su iya buga irin wannan ƙwallo. A garin aka haife shi, yana ɗan shekara 8 iyayensa suka tafi da shi, ya dawo ya yi wannan danginsa na zaune a cikin 'yan kallo.

Baban Khalifa: Yaya Ummu ai an cinye su a wasan, da maki 372 ma. Laker kuwa nasa ya kawo nasara da zagaye guda da maki 170, Ingila ta riƙe kofin Ashes da take karawa da Ostireliya a kansa.

Ummu Aisha: To laifinsa ne masu bugunsu suka zube a kan maki 62? Ya yi nasa ya ƙara 4 a zagaye na biyu, 14 kenan. Kuma abin da ya fi min ciwo, da suka koma gida ko cikin tawagar da ta kara da Bangaladash ba a sa shi ba saboda filayensu na masu jifa da gudu ne. Bai yi fushi ya bari ba. Nuwamban 2024 ya koma Wankhede ɗin dai ya cire 11, Indiya na neman 147 kacal ta ƙare a 121, Rishabh Pant da ya kai 64 yana neman ƙwace wasan shi ya cire shi, Niyu Zilan ta share su 3-0 a gidansu. Wiket 25 a wasa biyu a filin da ba nasa ba, ɗaya an sha kashi ɗaya an yi nasara. In ba wannan ce mallakar fili ba ku faɗa min mece ce.

Maman Hanan: Wallahi na 2024 ɗin nan na kalle shi, yadda yake sauke ƙwallo wuri ɗaya, wata ta juya wata ta tafi sak, mai bugu bai san wacce ke zuwa ba. Amma wasa biyu ne Yaya, Murali 24.

Ɗan Zariya: Ni dai yanzu na raba su, wasa ɗaya a ba Laker saboda maganar Lock ta ɗaure ni, tsawon shekaru Murali, baƙo kuma Ajaz. Amma a ce babu kamar Laker ta kowace fuska, a'a.

Baban Khalifa: Ni ban rabawa. Goman Kumble da goman Ajaz duk rabin abin da Laker ya yi ne, shi ya yi goma ya kuma yi tara a wasa ɗaya. Kumble 14 ya tashi da su a Delhi, Ajaz ma 14, tsakanin 14 da 19 akwai mutum biyar.

Ummu Aisha: Mutum biyar a filin da ruwa ya jiƙa ba a rufe ba Alhaji. A rufe Old Trafford ɗin nan kamar yadda ake rufe Wankhede sannan mu yi lissafi.