Shin ya dace mai ciwon daji ya haɗa maganin asibiti da na gargajiya?

Mai Jinyar Yaya:
Assalamu alaikum. Yayata tana fama da sankarar mama, an yi mata tiyata, yanzu kuma tana karɓar kemo, wato maganin asibiti mai kashe ƙwayoyin cutar daji. Tashin zuciya da kasala da rashin barci sun galabaitar da ita, kuma duk wanda ya zo dubiya sai ya kawo nasa sassaƙen ko ƙwayoyin ƙarin kuzari. Ita kanta ta fara cewa gara ta ajiye kemon ta koma na gargajiya ko ta samu sa'ida. Ina roƙon masana su fayyace mini abin da ke taimakawa da abin da ke cutarwa.

Likitan Daji:
Wa alaikumus salam, Malama, Allah ya ba ta lafiya. Tambayarki ta ƙunshi abubuwa biyu, kuma haɗarinsu ba ɗaya ba ne: akwai abin da ake ƙarawa a kan maganin asibiti domin rage wahala, akwai kuma wanda ake ɗauka a madadinsa. Na biyun ne abin tsoro. Masu bincike a Jami'ar Yale ta Amurka sun wallafa nazari a 2018, inda suka kwatanta marasa lafiya 281 da suka zaɓi maganin madadi kaɗai da wasu 560 da suka bi na asibiti, dukkansu ciwon bai riga ya bazu a jiki ba. Haɗarin mutuwa ga rukunin farko ya ninka sau biyu da rabi, a tsakanin masu sankarar mama kuwa ya haura ninki biyar. Saboda haka a lallashe ta kada ta katse kemon, a kuma gaya wa likitanta wahalar da take sha, domin akwai magungunan hana amai masu ƙarfi, kuma ana iya sauya adadin allurar idan jiki ya gaza ɗauka.

Mai Harhaɗa Magani:
Ina goyon bayan Likita, amma zan ja hankali ga abin da ake haɗiya, ko da ba a daina zuwa asibiti ba. Hanta ce ke sarrafa yawancin magungunan daji, kuma wasu tsirrai suna hanzarta aikinta ko su rage shi. Tsiron da Turawa ke kira St John's wort, wanda ake sha saboda damuwa, an gwada shi a 2002 aka ga ya rage sinadarin da ke aiki na maganin daji mai suna irinotikan a cikin jini da kashi 42 cikin ɗari. Ƙwallon ɗan itacen afirikot da ake tallatawa da sunan "bitamin B17" kuwa yana sakin gubar sayanayid a jiki, kuma gwajin sinadarinsa da aka wallafa a 1982 a kan mutum 178 bai nuna wani amfani ba. Ba wai raina tsirrai muke yi ba, domin maganin daji na binkiristin ma daga wani tsiro mai fure na Madagaska aka samo shi. Sai dai shi an tace shi, an san awonsa, jiƙon da aka kawo a gora kuwa babu wanda ya san ƙarfinsa. Ki tattara duk abin da aka kawo mata, har da bitamin, ki kai wa likita ya duba.

Dattijo Mai Karatu:
Malamai, kun faɗi gaskiya, amma kun tsallake dalilin da ke kai mutane can. Mai magani yakan zauna ya saurari mara lafiya, alhali a asibiti sau da yawa sakamakon gwaji ake dubawa fiye da fuskar mai shi. Idan ana yi wa majinyaci faɗa duk lokacin da ya ambaci na gargajiya, to zai ci gaba da sha a ɓoye, wanda hakan ya fi muni.

Ma'aikaciyar Jinya:
Baba, maganarka tana kan hanya, kuma shi ya sa yanzu ake auna ingancin rayuwa da takardar tambayoyi, kamar wadda ƙungiyar binciken daji ta Turai ta fitar mai tambayoyi 30, da ke bin diddigin barci da cin abinci da zafin ciwo da halin zuciya. Abubuwan da suka fi samun hujja ba na sha ba ne. Ƙa'idojin da ƙungiyar likitocin daji ta Amurka ta fitar a 2022 da 2023 sun amince da tsira siraran allurai irin na Sinawa ga ciwon gaɓoɓin da wasu magungunan sankarar mama ke jawowa, da tausa ga zafin ciwo, da atisayen nutsuwa ga fargaba. Tattaki daidai ƙarfi ma yana rage kasala fiye da kwanciya wuni guda. Malama, ki tambaya ko asibitinku yana da sashen rage raɗaɗi, kada kuma sunan ya firgita ki, domin a wani gwaji na 2010 a kan masu sankarar huhu 151, waɗanda aka haɗa da sashen tun da wuri sun fi jin daɗin rayuwa, sun kuma fi daɗewa. Tausa da allurai dai a jira izinin likita idan ƙwayoyin jininta sun yi ƙasa.