Farfelar gaba ta ƙi zama bayan canjin giyabos

Direba daga Agege:
Salamu alaikum. Na sa wa Hilux ɗina giyabos ɗin tokumbo da na sayo a kasuwar Ladipo. Ya fi tsohon tsawo, yanzu farfelar gaba, wato sandar ƙarfen da ke kai juyi zuwa tayoyin gaba, ba ta kai wa. Da motar nake ɗauko tumatir daga kasuwar Mile 12, kullum tana tsaye asara nake. Yaya zan auna?

Bakanike daga Mushin:
Wa alaikumus salam. Malam, sauke ta daga jak tukuna. Tayoyi huɗu a ƙasa, wuri mai daidai, domin tsawon yana canzawa idan mota na rataye. Ka ja tef daga fuskar da ake ɗaure kusoshi a akwatin ogzileri, wato wanda ke raba juyi ga tayoyin gaba da na baya, zuwa ta aksul ɗin gaba. Wurin da farfela ke shiga tana fita kuwa, a bar shi tsakiya. In ya ƙure ciki, rami ɗaya zai fasa maka akwatin.

Direba daga Agege:
To mai walda zai iya ƙara mata?

Bakanike daga Mushin:
Ban ba ka shawara ba. Kai wa masu injin tonin, wato injin feƙe ƙarfe, su sa sabon bututu, su saita kunnuwan kuros, wato gaɓoɓin da ke bakin farfelar biyu, a layi ɗaya, su yi balansi.

Wani daga Idi-Araba:
Alhaji, duba ta baya ma, wataƙila ita ta yi tsawo.