Yaya ake cewa "wataƙila yana fama da matsala" da Ingilishi?

Ɗan kasuwa, Maradi: Malamai, direban kaya ya makara tsakanin Katsina da Ɗan Issa. Yaya za a rubuta wa mai kaya da Ingilishi cewa wataƙila yana cikin matsala yanzu?

Malamin Ingilishi: Alhaji, rubuta "He may be having trouble". Wato "may be", sai aikatau mai "-ing", shi ke nuna abin yana faruwa yanzu. In ka ce "He may have trouble", mai karatu zai iya ɗauka gaba kake nufi.

Malama: In zatonka ya yi ƙarfi, misali wayarsa a kashe tun safe, sa "must" maimakon "may". Kada dai a liƙa masa "to" na Ingilishi a ce "must to", kuskuren da ya yi yawa a nan.

Tafinta: A raba "may be" biyu. "Maybe" a haɗe daidai yake da "peut-être" na Faransanci, a farkon jimla ya fi zama.