Tambaya kan hanyar zama mai duba mafita ga matashin da ke ɗauke da sirri

Mai ba da shawara, Yamai:
Assalamu alaikum. Wani matashi yana zuwa wurina saboda rashin barci da faɗuwar gaba, kuma sai a zama na uku ya gaya mini, kansa a sunkuye yana murza hularsa, cewa maza ƴan'uwansa yake sha'awa, ga iyaye sun matsa masa da maganar aure. Ina so in bi da shi gajeruwar hanyar nan mai duba mafita, wadda Steve de Shazer da Insoo Kim Berg suka tsara a cibiyar da suka kafa a Milwaukee ta Amurka a 1978. Yaya zan yi masa tambayar mu'ujiza, wadda a wannan hanya ake sa mutum ya ƙiyasta damuwarsa ta gushe cikin dare ɗaya, ba tare da na ƙara masa nauyi ba?

Tsohon malamin ilimin halayyar ɗan Adam:
Wa alaikumus salam, Malama. Da farko ki ajiye kalmar mu'ujiza, domin a kunnen mutanenmu ta annabawa ce. Ni nakan ce: «A ce cikin dare Allah ya yaye maka wannan damuwa kana barci, me za ka fara gani da asuba wanda zai nuna maka?» Mai yiwuwa ya amsa cewa zai farka kamar kowa. Kada ki yi musu da shi, kuma kada ki yi masa alkawarin canza shi, tunda Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire sha'awar jinsi ɗaya daga jerin cututtuka tun 1990. Ki ci gaba da tambayar abin da ido ke gani: zai ci tuwo tare da ƙannensa ne, ko zai koma fada shan shayi? Daga nan ki nemi ranakun da hakan ya riga ya faru ko da kaɗan ne, domin a kansu ake gina aikin. Wajen ma'aunin sifili zuwa 10 da mutum ke auna halin da yake ciki da shi, ƙaramin kofin shayi nake nunawa, in ce ina ƙarfin zuciyarsa ya kai yau. In ya ce 3, sai in tambayi abin da ya hana shi zama 2.

Ma'aikaciyar jinya, Tawa:
Yaya, ki kula da abin da kike rubutawa a karne, wato littafinsa na asibiti, domin uwarsa ko wansa kan iya buɗe shi a gida. Ki rubuta rashin barci da damuwa kawai, sun isa. Kuma ki tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Idan ya amsa cewa yana yi, ƴan zaman nan ba za su wadatar ba, sai an haɗa da likitan ƙwaƙwalwa.

Mai ba da shawara, Yamai:
Na gode, Baba, na gode ƙanwata. Ya taɓa ce mini ranar da ya kwana gidan kakarsa ya yi barci har hantsi, kuma da wannan daren zan buɗe zamanmu na Alhamis.