Gwajin ƙanjamau kafin aure: me zan gaya wa matasan unguwarmu?

Ɗan Misfala: Assalamu alaikum iyayena da 'yan'uwa. Ni aka ɗora wa jagorancin matasan unguwarmu a Makka, muna kuma shirin taron faɗakarwa kan cutar ƙanjamau ranar 1 ga Disamba. Abin da ya raba kanmu shi ne ko mu ƙarfafa wa samari yin gwajin jini kafin aure, alhali da yawansu ba su da igama, wato takardar izinin zama a Saudiyya, aurensu ma liman ke ɗaurawa a falon gida ba tare da takardar asibiti ba. Ina neman shawarar wanda ya taɓa shirya irin wannan.

Malamin Hindawiyya: Wa alaikumus salam. Ku yi wa'azi kan nisantar zina, wannan ya wadatar.

Hajiya Babba: Ɗana, ka yi hattara da 'ya'yan mutane. Ƙanena a Makka aka haife shi, bai san hanyar Kano ba. Zazzaɓi ya kwantar da shi, aka ɗebi jininsa a wani asibiti, sakamako ya fito, daga nan sai tarhil, wato korar baƙo daga ƙasar. Matarsa na tsaye a bakin ƙofa da kular abinci aka gaya mata. Maƙwabta suka daina cin tuwon gidanmu, aka fasa auren 'yarsa, ita da ba ta ɗauke da komai.

Ma'aikacin Jinya: Allah ya ba ki haƙuri, Hajiya. Gaskiya ne baƙon da aka samu da cutar ana mayar da shi ƙasarsa, kuma wajibi ne a faɗa wa matasa haka tun kafin su miƙa hannu. Sai dai ɓoyewa ba ta kare amarya. Saudiyya ta sa ƙanjamau cikin gwajin kafin aure tun 2008, Kano ta yi irin wannan doka a 2024, kuma wanda ya riƙe shan magani har ƙwayar ta daina bayyana a jininsa ba ya sa wa matarsa.

Hajiya Babba: Kai igamarka na aljihunka, shi ya sa bakinka ya yi sauƙi.

Direban Jidda: Ni riyal 60 na biya kuɗin gwajin a wani mustausaf, wato ƙaramin asibiti.

Ɗan Karantina: Ban yarda ba, domin 200 aka karɓa a hannuna, sai da suka ga igama kuma.

Direban Jidda: Wataƙila sun ga ƙiba ne suka yi maka kuɗin jinin mutum biyu.

Malamin Hindawiyya: Wannan ba wurin raha ba ne. Kuma maganar aure ta malamai ce da iyaye, yaron da bai aurar da kowa ba bai isa ya shimfiɗa mana sharaɗi ba.

Ɗan Misfala: Allah gafarta Malam, ba mu ƙi ta manya ba, amma mu abokanmu ke gaya wa abin da ba za su iya furtawa a gabanku ba. Tambayata dai har yanzu tana nan.

Ɗan Karantina: Wa zai ware kuɗin gwaji, bayan riyal 400 da ake karɓa duk wata a kan kowane ɗa da mata? Tun da aka fara harajin nan a 2017 na mayar da iyalina Zinder, kafilina kuma, wato ubangidan da nake zaune ƙarƙashin sunansa, ya riƙe mini albashin wata uku.

Direban Jidda: Wata uku kawai? Bari ka ji nawa.