Sabon zuwa Birnin Kebbi: ina kuke cin abinci da dare, kuma ya zan yi da magena?

Ɗan_Fagge:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Ni Bakano ne, wata biyu kenan da aka yi min taransifa zuwa Birnin Kebbi, na kama ciki da falo a Gesse, iyali suna can Kano sai yara sun gama zangon makaranta. Abu biyu ne ya kawo ni. Na farko ciki, wallahi na gaji da indomi, mai shayin bakin layinmu har ya daina tambayata me zan ci, da ya hango fitilar mashin ɗina sai ka ji ya fasa ƙwai biyu. A Kano sha ɗayan dare ka fita za ka samu gurasa da tsire da komai, nan kuwa ina idar da isha'i in ɗan zaga sai in ga kamar gari ya yi barci, ko dai ni ne ban san lungunan ba?

Na biyu magena. Na taho da ita ne don uwargida ta ce ba za ta iya da yara uku ga mage ba. To tunda muka zo ta rame, abinci sai ta sansana ta juya, wuni take a banɗaki kwance kan tayil, yau kwana biyu ruwa kawai take lasa. Wani a ofis ya ce in jiƙa mata rabin farasitamol wai zazzaɓi ne. Ga kuma matar mai gidan ta fara min shaguɓe wai ita ba ta son ganin baƙar mage a tsakar gida da magariba. Don Allah a ba ni shawara.

Bakabe_Jikan_Kanta:
Wa alaikumus salam, maraba da baƙon Kano. Da hwari dai nan mussa muka cewa, in ka tai kasuwa kana hwaɗin mage to an gane baƙo na, kuɗin kaya ya ƙaru ke nan hhh.

Batun gari ya yi barci kuwa, aradu bai yi ba, kai na kaz zamna Gesse unguwar ma'aikata inda kowa ka shigewa gida shi ja get tun magariba. Ka shigo cikin gari, ka bi Ahmadu Bello Way bayan isha'i, ka leƙa Makera da Rafin Atiku da Badariya, ka ga masu balangu da masu suyar kihi sun jera fitilu. Kuma ka bar neman wurin da ad da babban allo da gilashi, dabara guda ta: duba inda 'yan kabu-kabu sunka jingine babura da yawa, nan abinci mai daɗi da arha yake, waɗanga mutane ba su cin asara. Ni inda nika cin tuwo ko suna babu, wata dattijuwa ta da rumhwar kwano da benci ukku, tuwon shinkahwa da miyar kuka ta ji daddawa da kan busasshen kihi, in ka wuce tara ba ka iske komi sai ƙanzo.

Kuma ka zo garin shinkahwa da kihi kana cin indomi, wanga ai abin kunya na. Shinkahwar da kaka gani nan cikin fadamunmu anka noma ta, tun daga Argungu har Suru, shi ya sa a 2015 Buhari nan Kebbi yaz zo yab buɗe shirin ba manoman shinkahwa rance, 2016 kuma anka yi Lake Rice, shinkahwar haɗin gwiwar Kebbi da Legas. Kihi kuwa ka tambayi na Yawuri, na kogin Kwara, ka ce a ba ka ragon ruwa ko gargaza, kak ka yarda a liƙa maka tarwaɗar gidan gona a ce ta gulbi ta, ta gonar kitse gare ta kamar me kuma ba ta da ƙamshi. Da rana cikin zahin nan hura da nono ta fi maka komi, a dama maka gabanka.

Maman_Hanan:
Malam don girman Allah kar ka ba ta farasitamol, ko ɓalli kar ka ba ta. Na bar girki a wuta na zo rubuta wannan. Hantar kyanwa ba ta iya narkar da shi kamar ta mutum, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta, za ka ga fuska ta kumbura dasashi ya canja kala tana haki, kafin ka ankara ta tafi. Ni aikin dabbobi na karanta kuma na ga irin wannan ba sau ɗaya ba, kullum mai ita cewa yake tausayi ne ya sa.

Kwanciyar banɗaki zafi ne, sanyin tayil take bi, ka san watan uku da na huɗu a nan zafi yana haura digiri 40, mu ma da muka saba a tsakar gida muke kwana. Ka ajiye mata ruwa wuri biyu ko uku kana canjawa, na randa ya fi na jarka da ta sha rana. Sannan kyanwa da wuri take sabawa fiye da mutum, ka ɗauko ta daga gidan da ta sani ka sa ta a mota awa da awanni, dole ta yi yaji. Ka bar ta ɗaki ɗaya da roba cike da yashi don bayan gida, da wani tsohon zani ko rigarka da ta san warinta.

Amma kwana biyu ba ci ba abin wasa ba ne a wurinsu, in ta ƙara kwana ɗaya ko biyu hantar ma tana iya taɓuwa, gobe da safe ka kai ta asibitin dabbobi na gwamnati a duba ta, ka tambayi maganin tsutsa da allurar rigakafin ciwon haukan kare, eh kyanwa ma tana ɗauka. Kifin da Bakabe yake ta yabo ka dafa mata shi ba gishiri ba magi, ka zare ƙaya tas. Kar ka zuba mata sauran miya ko romon mai shayi, albasa da tafarnuwa suna lalata musu jini, mu kuwa nan da Aliero a kusa komai sai mun antaya masa albasa. Madarar gwangwani ma yawancinsu gudawa take sa su. Sai kuma ka tambayi maƙwabta ko akwai mai sa maganin ɓera, don ta nan ake yawan rasa su.

Malam_Na_Takalau:
Ɗana, ta wajen matar mai gida zan yi magana. Kada ka je mata da wa'azi, ka ce camfi ne ka kawo hadisi, ko da gaskiyarka. Ita ma ta san Annabi (SAW) ya ce kyanwa ba najasa ba ce, tana cikin masu kewaya mu, ta kuma san labarin matar da ta shiga wuta don ta kulle kyanwa ba ci ba sha. Abin da aka tashi da shi tun ƙuruciya ne, baƙar mussa da magariba, ba ya fita da gardama, kuma kai ɗan haya ne.

Ni na zauna haya shekara da shekaru kafin Allah ya ba ni nawa. Akwai wata Hajiya da muka yi irin haka da ita, ta rantse sai mussata ta bar gidan. Ban ce mata uffan ba, na dai riƙa kulle ta in rana ta yi ja, ina gaishe da Hajiya da safe har ƙasa, ran Juma'a in kai mata goro. Da kaka aka kawo mata buhunan shanshara daga ƙauye aka jibge a zaure, ɓeraye suka ce salamu alaikum. Wata safiya ta fito ta tarar da uku an jera mata a bakin ƙofa. Daga ranar ita ke ajiye mata kan kifi a murfin kwano, har suna ta sa mata, wai 'Yar Baƙa.

Abba_Badariya:
Yaya tunda iyali ba sa nan ai yanzu ne lokacin yawonka. Ran wikend akwai gidajen kallon ƙwallo ko'ina, kai dai ka zaɓi mai sola ko janareto mai lafiya kar a ɗauke wuta ana fanareti, in kuma ana wasa a filin Haliru Abdu ka leƙa da yamma. Amma ni shawarata ka tashi da sassafe ran Asabar ka tafi Argungu, bai kai awa ɗaya ba a mota, ka shiga gidan tarihin Kanta ka ga makamai da gangunan yaƙin Kabawa, ka sauka Matan Fada inda ake bikin kamun kifi, tun 1934 ake yinsa kuma hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi cikin jerinta na al'adun gado a 2016. Ko ba lokacin biki ba wurin da daɗin zama, masunta na nan da gorunansu da homa, ka sayi kifi a hannunsu ka taho wa mussa da tsaraba. Akwai bikin Rigata na tseren kwale-kwale a Yawuri da bikin al'ada na Uhola a Zuru su ma in lokacinsu ya zo. Tafiya dai ka yi ta da rana ka dawo da rana.

Ɗan_Fagge:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Maman Hanan wallahi har na ɓalle maganin na sa a cokali sai na ce bari in duba waya tukunna, Allah ya saka. Na kai ta yau da safe, sun ce ruwan jikinta ne ya yi ƙasa ga tsutsa, an yi mata allura, an ce in dawo bayan sati biyu a yi rigakafin in ta murmure. Da yamma na dafa mata gargaza ta ci kusan rabi, sauran ni na ƙarasa da yaji tunda ba gishiri. Baba Malam na sayi goron, gobe Juma'a zan gwada. Bakabe na bi dabararka na tsaya inda babura suka fi yawa, ashe wurin mai faci ne.

Bakabe_Jikan_Kanta:
Hhhh kai Bakano sai a hankali. Gobe bayan isha'i ka tsaya bakin babbar kasuwa ka yi man magana ta inbox in zo in kai ka da kaina, amma ka taho da kwano mai murhi, dattijuwar ba ta zuba miya a leda.